Malam Sharafaddeen da Kason Malama Firisila

Daga Allah muka zo, kuma gare shi kowa zai koma idan kwanansa ya ƙare. Ranar Laraba, tara ga watan Yulin 2025, da hantsi, ina Abatuwa, mayankar Jos, hannuna dumu-dumu cikin nama, Kausar 'yar Malam Sharafaddeen ta kira ni a waya ta ce Malam ya cika. Na ajiye wuƙa, na zauna a kan kututturen sara. Malam Sharafaddeen na Anguwan Rogo, wanda ya koyar da Turanci shekara talatin da biyar, ya rasu yana da shekara saba'in da huɗu, bayan jinyar wata biyu.

Malam, ni ne Shu'aibu, mahauci ɗan mahauci, ɗaya daga cikin ɗaruruwan da suka zauna gabanka a aji. Waɗanda suka fi ni karatu za su rubuta maka yabon da ya dace da kai. Ni abin da ya sa na ɗauki biro daban ne. Kusan shekara takwas kana jira in je in nemi gafarar wata baiwar Allah da na cuta, ina ce maka gobe, har ka tafi ban je ba.

Darasinka da ya fi zama a kaina shi ne na ranar da ka shigo aji uku ka rubuta kalmomi huɗu a allo, ka ce kowa ya faɗi ma'anarsu. Duk muka ce biya. Ka girgiza kai ka ce Bature bai yarda da wannan ƙudundunen ba, kowace kalma da ƙofar da take shiga. Sai ka nuna ni da alli, don ka san da nama kaɗai ake kama hankalina. Ka ce idan na sayar wa mutum naman da ya kwana, ya dawo da shi na maida masa kuɗinsa, wannan shi ne refund. Idan kai ka aike ni saye na cika daga aljihuna, ka maida mini abin da na kashe, reimburse ke nan. Idan kuwa mutumin ya ci naman ya kwanta asibiti, kuɗin nama ba ya wanke ni, sai na ba shi abin da zai rage masa zafin asararsa, shi ne compensate. Ta huɗu, repay, ka ce ita ta bashi ce kuma ta alheri, ana iya yin ta da kuɗi, ana iya yin ta da hali. 'Yan aji suka yi ta dariya, suka laƙaba mini Mai Naman Jiya, sunan da ya bi ni har na bar makaranta.

Na bar ta ne a aji biyar, da mahaifina ya rasu fawa ta faɗo a kaina. Ka yi iyakar yinka in zauna, bai yiwu ba. Da ka ga haka sai ka koma sayen nama a wurina ni kaɗai, tun lokacin da yankana ba shi da maraba da saran itace. Kana zuwa da tsoffin littattafai a leda, ka ce in riƙa dubawa idan kasuwa ta yi sanyi. Hannun da ke rubuta wannan, kai ka hana shi mantawa da biro.

Kai ne kuma ka kawo mini aikin watanda. Ku tsoffin malamai goma sha biyu, Musulmi da Kirista, kuna haɗa kuɗi ku sayi sa sau biyu a shekara, da ƙaramar Salla da Kirsimeti. Ba a sa sikeli. Ni nake kasa naman tsibi goma sha biyu a kan buhuna, kowane tsibi ya samu tsoka da ƙashi da kayan ciki, da ɗan yankin hanta da na tozo. Idan na gama sai ka juya mana baya, in ɗora hannu a kan tsibi in ce na wane ne wannan, ka kira suna ba tare da ka waiwayo ba. Haka ba wanda zai ce an fifita wani. Wannan juya bayan amana ce, kuma ni ka juya wa.

A Kirsimetin 2017 Malama Firisila ba ta samu zuwa ba. Matar marigayi abokinka Malam Pwajok ce, ita ma tsohuwar malama, ƙafa ta hana ta fita daga gidanta a Tudun Wada. Ka ce in kai mata kasonta a Keke. A hanya na tsaya rumfata, na cire hantar da tozon da rabin tsokar, na cike gurbinsu da ƙashi da huhu. Ba yunwa nake ji ba, ba kuma ciwo a gidana. Na ce a raina tsohuwa ce, ba ta ga rabon ba, ina za ta sani. Son banza ne kawai, kuma ban taɓa samo masa wani suna ba.

Bayan kwana uku Hajiya Balaraba, uwargidanka, ta zo sayen nama. Cikin raha ta ce bana dai ba su ɗanɗani watanda ba. Ta ce Malam ya je yi wa Malama Firisila barka da shirin Kirsimeti, ya tarar surukan 'yarta na hanya, ya dawo gida ya kwashi kasonsu kaf ya kai mata, wai mahauci ya rikita ledoji. Na san ka buɗe ledar nan ka gani, kuma ka san hannun da ya ƙulla ta.

Na jira kira, ba ka kira ba. Na jira a karɓe aikin, da Salla ta zo ka sake kawo mini, ka sake juya mini baya kamar kullum. Wallahi da ka zage ni a gaban mahauta da ya fi mini sauƙi. Sai na shiga dabarar ɓarawon da ke son tuba a ɓoye: duk sanda ka zo saye in cusa maka ƙari. Kai kuma ka buɗe ledar a gabana, ka zare ƙarin ka ajiye a kan tebur. Rannan dai ka dube ni ka ce:

"Shu'aibu, kana ta ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba. Ni abin da na fitar na fitar, ban aike ka ba, ba ka aike ni ba. Wanda aka taka wa ƙafa ake ba haƙuri."

Na ce, "Malam, in aika mata da cinya guda mana."

Ka ce, "Ta ce maka naman take nema? Ka je da ƙafarka, ka faɗa da bakinka."

Na ce zan je gobe. Sau nawa na hau Keke zuwa Tudun Wada in sauka a bakin layinsu in juyo, Allah ne ya sani. Ni da nake kayar da bijimi, na kasa haɗa ido da tsohuwa mai sanda. Ba ka sake tayar da maganar ba sai da na je duba ka a asibiti, mako biyu kafin rasuwarka. Muryarka ta yi ƙasa, amma ka riƙe hannuna ka ce, "An je kuwa?" Na sunkuyar da kai. Ka ce ba komai, akwai sauran lokaci, sannan ka tambaye ni farashin shanu don ka fitar da ni daga kunya.

Kafin a sallace ka liman ya yi shela, duk mai bin mamaci wani abu ya fito ya faɗa. Ba wanda ya motsa. Ina tsaye a sahu na biyu, hawaye na zuba, na san ni ne mai nauyi a wuya.

Ranar sadakar uku muna zaune a kan tabarmi a ƙofar gida, sai ga Keke ya tsaya. Malama Firisila ce ta sauko da ƙyar tana dogara sanda. Mutumin Jos ya san abin da ake nufi idan tsohuwa irinta ta taso daga Tudun Wada ta shigo har tsakiyar Anguwan Rogo don gaisuwa, domin tun rikice-rikicen garin Kirista da Musulmi ba su cika shiga unguwannin juna ba. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na tare ta kafin ta shiga wurin mata, na durƙusa a gaban jama'a na ce, "Mama, ni ne Shu'aibu mahauci. Naman Kirsimetin nan ba rikita leda aka yi ba. Ni na sace. Ki yafe mini."

Ta dube ni. Sannan ta ce, "Tashi, ɗana. Na sani tun ranar. Malaminka bai iya ƙarya ba ai, yana maganar leda yana kallon ƙasa. Ya roƙe ni kada in faɗa wa kowa, ya ce yaron zai zo da kansa. Kowace Kirsimeti in ya zo gaisuwa sai ya ce, Firisila, ki ƙara haƙuri, yana nan zuwa. Na yafe maka tun tuni. Shi ne dai na so ya gani."

Malam, na je. Na je bayan kwana uku da rufe ka, kuma wannan jinkirin zan ɗauke shi har nawa kabarin.

Allah ya jiƙan ka, ya gafarta maka, ya rufa maka asiri a gabansa yadda ka rufa wa bayinsa a duniya. Ya yalwata makwancinka, ya haskaka shi, ya sa Aljannar Firdausi ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Balaraba, da Kausar da 'yan uwanta, da tsoffin abokan aikinka na watanda da suka saura su goma sha ɗaya, da ɗaukacin ɗalibanka na ciki da wajen Jos. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo. Amin.