Talabijin ɗin da bai ƙaraso wajen mata ba

Shekarun baya, lokacin da ake kwasar samari zuwa yaƙin Kudancin ƙasarmu, aka kawo mana labarin ƙanena ya rasu a can. Ba gawa, ba kabari, sai takarda. Bayan sati biyu mutanen gwamnati suka aiko za a yi masa auren shahidi. Haka suke yi a zamanin, wai ba mamaci ba ne, ango ne, uwarsa ma guɗa za ta yi. Mahaifiyata ta ce ba inda za ta, sai da aka ce suna da kaset ɗin bidiyo na sansaninsu, kuma yana ciki. Nan take ta yafa tob ɗinta, babban mayafin da muke fita da shi.

Zauren taron unguwarmu yana da katanga ta katako mai naɗewa, wadda ake ja a raba maza da mata. Talabijin ɗaya ne, ƙato, sai mutum huɗu ke ɗaga shi. Maigidana, usta ne, wato gwanin walda, a kasuwar garinmu Gadarif, shi ya kafa dogon ƙarfe a rufin daga bango zuwa bango, ya rataye talabijin ɗin cikin keji mai tayoyi. Da sanda ake tura shi ya koma ɓangaren da ake so. Sai dai kafin ya tsallaka, dole a buɗe ƙyaure ɗaya na katangar. Ya so ya yanke saman katakon ya bar masa hanya, masu zauren suka ce, "Ya usta, kada ka ɓata mana katako. Buɗe ƙyaure minti nawa ne?"

Ni da ko ƙofar gida ba na son leƙawa, ranar sai ga ni ina shirya wa mata wurin zama. Na zaunar da mahaifiyata daidai ƙarƙashin ƙarfen, ina ta cika baki, "Ku kwantar da hankalinku, maza na gamawa zai zo mana. Aikin maigidana ne fa."

Aka kunna a can. Muna jin waƙoƙi da kabbara, sai ga dariyar ƙanena, ya ce, "Ku gai da Inna." Mahaifiyata ta damƙe hannuna.

Karatuna bai yi nisa ba, amma kunnena ba ya kuskure. Na ji tayoyin sun taso, ƙiii, suna nufo mu, har suka iso katangar. Sai wata murya ta ce, "Ina za ka kai shi?"

Maigidana ya ce, "Wajen uwar ango, ya sheh. Ƙyaure ɗaya kawai zan buɗe."

"Ka buɗe, baƙi su ga mata? Ka ji tsoron Allah! Halas, magana ta ƙare, mayar da shi. Za a aiko wa hajiya kaset ɗin har gida."

Tayoyin suka koma, ƙiii. Ta bayan katakon kuma wani ya ɗaga murya, "Ina uwar ango? Guɗa mana!" Wasu mata suka yi. Mahaifiyata tana kallon ƙarfen da ke samanta.

A gida ta kira maigidana ta ce, "Kai ka gan shi. Ya rame?"

Ya ce, "A'a, Inna, ya ma yi ƙiba." Na ji inda muryarsa ta karye. Har yau ban tambaye shi ba.

Washegari ya ɗauki zarto ya je ya yanke saman katakon, bai nemi izinin kowa ba. Daga baya mata sun kalli biki nawa a talabijin ɗin nan! Kaset kuwa ba a aiko ba. Shekara shida mahaifiyata tana cewa in leƙa in an ƙwanƙwasa ƙofa, har ta rasu.

Mutane na ce mini in yafe, abin ya wuce. Mutuwarsa na karɓa, hukuncin Allah ne. Amma taku uku da ya rage tsakanin uwa da fuskar ɗanta, wannan mutum ne ya hana, kuma yana ganin lada ya samu. Har yanzu in maƙwabta suka ja ƙofar garejinsu na ji ƙiii, sai in ajiye abin da nake yi, ina jiran in ji ko zai ƙaraso.