Ranar da Imuraren ta ɓace daga jerin garuruwa

Ni ba mai fita ba ce. Tun da aka kawo ni Arlit daga Damagaram, in ka cire gidan suna da gidan gaisuwa, wuri ɗaya nake zuwa da ƙafata, wato biro, ofishin wani ƙaramin kamfanin motoci a bakin tasha. Mai gidana gardi ne a Imuraren, wurin haƙar ma'adini a cikin daji, yana tsaron ƙarafan da aka jibge a can, sai ya yi wata biyu bai leƙo gida ba. Ga shi da hawan jini. Ya taɓa yanke jiki ya faɗi a tsakar gida da ya yi kwana uku bai sha magani ba, kuma ni kaɗai na san abin da na gani ran nan. Shi ya sa duk ƙarshen wata nake ɗaure masa kwali, ƙwayoyinsa a ƙasa, kilishi da ganyen shayi a sama.

Mai karɓar kaya a biron wata ƴar Tawa ce, mai fara'a, Inna take ce mini. Karatuna bai wuce aji biyu ba, amma kunnena ya haddace aikinta. Takan danna, jerin garuruwa ya sauko a fuskar odinater, wato kwamfuta, ta buga maɓalli sau huɗu, ƙas ƙas ƙas ƙas, sai takarda ta fito. Shofer, wato direba, ba ya ɗaukar kaya sai da wannan takarda, don a shingen jandarma sauke duk kwalin da ba shi da ita ake yi.

Ran nan da hantsi ta buga sau huɗu, takarda ba ta fito ba. Ta koma sama ta sake. Ta sake na uku, a hankali.

"Inna, babu Imuraren," in ji ta.

Ta juyo mini fuskar abin. Na san sunan da tsawonsa da harafinsa na farko mai kama da taɓarya. Ga Agadas, ga Akokan, ga Ingal, amma inda yake zama ya haɗe, ko gurbi babu.

Na zauna a benci. Kwana biyar ke nan ban ji muryar mai gidana ba, don a can sai an hau wani tudu ake samun rezo, waya ta kama. Wani dattijo da ke jiran mota ya ce ba a cire gari haka kawai sai in wani abu ya faru da ba a son faɗa. Na kusa da shi ya ce shi ji ya yi an kwashe kowa tun da aka karɓe izinin haƙa. To in an kwashe kowa, ina nawa? Na ƙirga a yatsu, ƙwayoyin da ke hannunsa ba za su wuce jibi ba.

Ƴar Tawa ta kira mutumin da ya haɗa musu tsarin, can Yamai, ta buɗe muryar wayar. Rabin maganarsa Faransanci ne, na tsinci abin da na tsinta. Ya ce bai san komai game da mutanen can ba, shi dai patoro, mai kamfanin motocin, shi ne ya ce ya ɓoye sunan tun da aiki ya tsaya, kuma ma'aikata suna ta zaɓarsa da kuskure a maimakon Ingal. Ya ce bai goge ba, ɓoyewa ya yi, sunan yana nan a ƙarƙashi, tsofaffin takardu duk suna ɗauke da shi. Mayar da shi kuwa sai patoro ya dawo daga tafiya, mako mai zuwa.

Mako mai zuwa ya yi mini nisa. Amma wata kalma tasa ta maƙale mini a kunne.

"Ƴata, ba ya ce tsofaffin takardu suna nan ba? Fiddo tawa ta watan jiya, ki haifa mata ƙanwa."

Ta dube ni, ta dubi abin. Ta nemo tsohuwar, ta kwafe ta, ta sa kwanan ranar. Sunan ya fito, dogo, da taɓaryarsa. Na Yamai ya ce wannan ƙofar ya manta bai rufe ba, kuma shi yau bai ji komai ba.

Shofer, wani Buzu mai rawani shuɗi, ya juya takardar ya ce in dai an rubuta, zai ratse daga hanyar Agadas ya kai. Na roƙe shi ya duba mini mutumin da idonsa.

Yinin nan da washegari ban iya girki ba. Duk kabu-kabun da ya rage gudu a ƙofarmu sai na miƙe. Sai bayan la'asar shofer ya yi sallama. Ya ce gardi uku suka rage a can. Ya tarar da nawa kwance a inuwar kontena, kansa na sara, maganinsa ya ƙare tun kwana biyu don ya raba da abokin aikinsa. A gabansa ya haɗiye ƙwayar, kafin shofer ya taso har ya zauna ya sha shayi.

Bayan kwana kaɗan ƴar Tawa ta aiko mini cewa an rufe waccan ƙofar ma, patoro kuma ya ce sunan ba zai dawo ba. Da mai gidana ya hau tudu ya kira, ban bari ya gama gaisuwa ba.

"Malam, babu sauran hanyar da magani zai same ka. Ka taho gida."

Ya ce ƙarafan fa? Na ce ƙarafa ba su da hawan jini. Ranar Juma'a ya sauka a tasha da tabarmarsa da butarsa, ƙafafun a kumbure, amma da kansa ya tako har gida.