Tsinken Tsintsiya a Cikin Kafireto

Mijina ba makaniki ba ne. Malamin firamare ne, amma da za a tambayi mutanen layinmu a unguwar Lamorde, cikin garin Mubi, sana'arsa, da yawa za su ce kwance kafireto. Motarmu tsohuwa ce tukuf, ta girmi 'yarmu ta fari. Kafireto shi ne ɗan ƙarfen nan da ke zaune a saman inji yana gauraya fetur da iska, kuma a wajen Malam duk ciwon mota daga nan yake tasowa. Ko taya ce ta sace sai ya ɗan leƙa shi.

Yana da tsarinsa. Zai shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, ya ɗauko farantina na kicin ba tare da ya tambaye ni ba, ya kwance abin ya jera kayan cikinsa a kai. A ciki akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙarafa na tagulla masu huda a tsakiya, waɗanda makanikai ke kira jet. Ta wannan huda fetur ke bi. Sai ya jiƙa su a fetur, ya goge da tsohon buroshin haƙori, ya zura musu silin waya da ya zare daga kebul ɗin babur, ya hura da baki, sannan ya ɗaga sama ya kanne ido ɗaya har sai ya hango haske. Na yi faɗa har na gaji. Shinkafa ta sha zuwa gaban baƙi tana warin gidan mai.

A shekarar gudu na daina faɗan. Masu bindiga sun riga sun shiga Michika, kowa a Mubi kunnensa a tsaye yake. Yaranmu mun tura su Yola wajen ƙanwar Malam. Mu abin da ya riƙe mu Inna ce, mahaifiyata, wadda ɓarin jikinta ya shanye, ko zama ba ta yi sai an tokare ta da filo. Mai ƙafa zai iya bin duwatsu ya tsira. Inna kuwa in ba mota ba, babu yadda za ta bar garin nan, ni kuma na san ba zan tafi in bar ta ba.

Gidajen mai sun rufe, sai na galan da ake sayarwa a bakin hanya, mai cike da datti da ruwa. Datti kaɗan ke toshe jet. Saboda haka Malam ya mai da wankin kafireto kamar alwala, kusan kullum da safe, wai don motar ta zauna cikin shiri. Batir ma ya yi sanyi, sai an tura take tashi.

Ranar da abin ya zo, da hantsi ne, kafireto yana warwatse a kan farantina.

Ina dama wa Inna kunu na ji ƙara daga can nesa, kamar ana jefar da kwanon rufi. Ta sake, ta sake. Sai layinmu ya cika da gudu da kiran sunayen yara. Ludayin ya faɗi daga hannuna. Na fito tsakar gida na tarar da Malam a durƙushe yana lalube cikin tabarma.

"Malam, me kake nema?"

"Silin wayar nan. Yanzu na ajiye ta."

"Ka mai da shi haka nan mana! Ba ka ji abin da nake ji ba?"

"Saura ƙaramin jet, a toshe yake."

Bai ga wayar ba. Sai ya miƙa hannu ya zari tsinke daga tsintsiyar da na jingine a bango, ya fiƙe shi da haƙori, ya cusa a hudar. A kunnena na ji ɗan ƙas. Tsinken ya karye a ciki, babu ko ɗan bakin da za a kama a jawo.

Ya hura har jijiyoyin wuyansa suka tashi. Ya tsotsa, ya tofar da fetur, ya ɗaga sama bai ga haske ba. Na kawo allurar ɗinkina, ta yi kauri. Na zagi Malam a ranar, zagin da ban taɓa yi masa ba, bai ko ɗago kai ba. Daga ɗaki Inna na kirana da muryarta da ba ta fita sosai, tana tambaya ko ruwan sama ne ke zuwa.

Ana cikin haka maƙwabcinmu ya shigo. Dattijo ne kafinta, mutumin Michika, mai ƙiba da ciwon gwiwa, muna ce masa Baba. Iyalinsa sun riga sun tafi, shi ya tsaya gadin kayan aikinsa. Ya dubi farantin, ya dubi Malam.

"Malam, ka ɗaura shi haka. Mota zai tashi, amma ba zai tsaya a silo ba."

Malam ya yi mini bayani yana ɗaure ƙusoshi. Ƙaramin jet shi ke riƙe inji da rai in an ɗaga ƙafa daga totur. Tunda ya toshe, muddin ya ɗaga ƙafarsa ta dama, mota za ta mutu. Ƙafar da ke taka totur kuwa ita ce ke taka birki, birkin hannu kuma ya daɗe da lalacewa, da dutse muke tare taya. Wato in ta tashi, babu tsayawa.

Baba ne ya ɗauki Inna ta kafaɗu, ni ta ƙafafu, muka kwantar da ita a kujerar baya. Ban ɗauki komai ba sai bargonta da robar maganinta. Ƙarar ta matso, yanzu ina iya rarrabe ƙarar ƙananan bindigogi da ta manya, hayaƙi kuma ya tashi ta wajen kasuwa.

Malam ya shiga ya kama sitiyari. Ni da Baba muka koma baya. Layinmu shimfiɗe yake kafin ya kai gangaren da ke sauka zuwa wani ɗan mayo, wato rafi, mai yashi, inda za mu tsallaka mu kama hanyar Maiha. Muka tura. Motar ta yi tari ta mutu. Muka sake, ta sake mutuwa. Mutane na wuce mu da kaya a ka, babu mai kallon wani. Takalmina ya fita, na bar shi a nan.

"Maman yara, ki koma wajen ƙofa," in ji Baba yana haki. "Ki buɗe shi, ki tura daga nan. In ya tashi ki faɗa ciki. Ni zan kama na gaba."

Na yi yadda ya ce. A bakin gangaren motar ta kama, da wani irin ihu, baƙin hayaƙi ya turnuƙe. Na faɗa a kan ƙafafun Inna, gwiwata na jan ƙasa, na jawo kaina ciki. Na miƙa hannu na buɗe ƙofar gaba ina ƙwala wa Baba kira.

Yana gudu, irin gudun da gwiwarsa ta yarda masa. Hannunsa ya taɓa bayan motar, ya zame. Gangaren ya ja mu.

"Malam, tsaya! Don girman Allah ka tsaya!"

Na ga ƙafarsa ta ɗan saki, injin ya fara shaƙewa, sai ya sake dannawa. A gabanmu yashi ne, motar da ta mutu a cikinsa mutum biyu ba su fitar da ita. Hawaye na zuba a fuskarsa, bai share ba. Na juya ta gilashin baya. Baba ya tsaya, hannu ɗaya a gwiwa, ɗayan yana kaɗa mana shi, alamar mu tafi. Muka tsallaka yashin, muka sha kwana.

Motar ba ta mutu ba sai a Maiha, inda Malam ya ɗaga ƙafarsa da kansa. Inna ta fita lafiya, ta kuma ƙara shekaru a duniya. Da aka saukar da ita a inuwa aka ba ta ruwa, ta bi fuskokinmu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Ina mutumin da ya ɗauko ni?"

Na ce mata yana zuwa a baya. Da muka dawo Mubi na tambayi duk wanda na sani daga Michika labarin Baba, har da matarsa, ita ma tambayar take yi.