Ranar da Na Ɗaura wa Gunya Jar Safa

Wata safiya cikin kakar 1981, ranar kasuwar Tamaske, ina tsugune gindin turke ina goge ƙafafun Gunya da tsumma, sai Kawu Abdu ya yi sallama ya shigo gidanmu. Ya sha farar riga da sabuwar hula, yana ƙamshin turare kamar mai zuwa ɗaurin aure. Gunya goɗiyarsa ce, amma a hannuna take tun tana duƙusa. Ya zagaya ta, ya shafa wuyanta, sannan ya ce, "Illa, ɗaura mata jajayen safar nan a ƙafa. Yau kasuwa za mu tahi da ita, mutane su sha kallo." Na ce masa hanyar Tamaske dutse ce, baƙaƙen ya kamata a sa mata. Ya yi dariya ya ce baƙaƙen sun yi muni, in bar su gida. Shekaruna ba su wuce goma sha biyu ba, kuma ban taɓa zuwa wannan kasuwa ba, don haka murna ta hana ni ƙara magana.

Kawu Abdu ƙanen Innata ne. Mutum ne mai yawo, rani yana Abijan, damina yana gida, shi ya sa da ya samu duƙusa ya rasa mai kula da ita. Ya kawo ta ƙauyenmu kusa da Garhanga, ya faɗa gaban Baba da Inna cewa in na rene ta, ɗan farin da za ta haifa nawa ne. Haka ake yi a wurinmu. Mai dabba ya ba ka kiwo, wahala taka ce, haihuwar fari kuma taka ce, kuma maganar da aka yi gaban iyaye ta isa shaida. Daga ranar nan ƙuruciyata ta koma gindin turke. Kafin rana ta fito na share kashinta na tara don gona, na dama mata dusa da ɗan kanwa, na ɗauki lauje na nufi fadama. Sa'o'ina da aka ɗauka lakwal, wato makarantar boko, suna jere a fili suna waƙa da Faransanci, ni kuwa ina wucewa da damin ciyawa a kai, suna yi mini gwalo ina rama musu. Da rani in hau rumfa in sauko mata da harawa, in kai ta rijiya in ja guga har tafin hannuna ya yi kanta. Da yamma yara na langa a dandali, ko kokowa in an gama girbi, ni sai in yi wasa kaɗan in sulale in je in cire mata kaska.

Sai da aka fara hawanta muka gane tana da aibi. In ta yi gudu, kofaton ƙafa ɗaya yana bugun idon sawun ɗayar ta ciki, har fata ta tsage. Baba ya kai ta wurin Nomau, badukun ƙauyenmu. Ya sa na ja ta a gabansa, ya duba tafiyarta, ya auna ƙwaurinta da igiya, ya ɗinka mata abin da muke kira safa, har iri biyu. Baƙaƙen na ƙirgin sa ne, masu kauri, da faci babba ta ciki daidai inda take bugawa. Su ne na doguwar tafiya, don ƙasarmu ta Adar tsakuwa ce da dutse mai kaifi. Suna da nauyi, kuma duk wanda ya san doki, da ya ga facin nan ya san abin da ke akwai. Jajayen kuwa na fatar akuya ne, masu laushi, an cusa musu kaɗa, wato auduga, an yi musu ɗinki da koren zare. Su ne na sukuwa a kan rairayi, inda ake son ƙafa ta yi sauƙi. Da damina, in za ta shiga laka, ba a sa mata ko ɗaya, don jiƙaƙƙiyar fata tana riƙe yashi ta yi ta gurzar ƙafa. Sai dai a tafi da ita sannu, in an dawo a wanke a shafa man shanu. Nomau yakan ce mini, "Ka dubi ƙasar da za ta taka kafin ka ɗaura mata komi." Na riƙe wannan har ya zame mini jiki. Lokacin bikin watan Disamba, da samari ke tsere a filin bayan lakwal, jajayen nake sa mata, kuma ba ta taɓa dawowa da jini ba.

A shekarar nan an kai ta wurin ingarman wani maƙwabcinmu, ta ɗauki ciki. Zuwa kaka cikin ya fara nunawa ga wanda ya san ta. Na riga na sare icce na kafa ƙaramin turke kusa da nata, ƙannena suna ta yi mini dariya wai na yi wa baƙon da bai zo ba shimfiɗa.

Da muka kama hanyar Tamaske, Kawu ne a kan sirdi, ni ina gaba riƙe da ragama. Duk inda dutse ya yi yawa sai in rage tafiya, in zaɓa mata wurin taku, don na san fatar akuya ba ta jure kaifin dutse. Kawu yana ta faɗa wai za mu tarar kasuwa ta watse. Mun isa da hantsi. Ban taɓa ganin mutane haka ba: buhunan albasa, raƙuman Buzaye, kamyo, babbar motar kaya, ana loda masa hatsi, masu tallar fura. Kawu ya wuce da mu kai tsaye wajen da ake tsayar da dabbobi, ya karɓi ragama daga hannuna, ya ce in je in sayi ƙosai in ci, in sha kallo, kada in yi sauri.

Da na dawo, ƙosai na hannuna cikin takarda, sai na ga wani mutum mai rawani a kan Gunya yana juya ta. Ga dillali tsaye, ya kama hannun Kawu. Mutumin ya sauko, aka haɗa hannuwansu, na ji Kawu ya ce ya sallama. Na tsaya kamar an dasa ni. Mai sayen, wanda aka ce mutumin wajen Buza ne, ya sunkuya ya taɓa jar safar, ya tambaya ko akwai wani abu a ƙafar. Kawu ya ce, "Ado ne kawai, Alhaji. Yaron nan ne ke son ƙawa."

Ban san sa'ad da na matsa ba. Na ce, "Baba Alhaji, tana bugun ƙafa. Wannan ta rairayi ce, ba ta dutse ba. Akwai baƙaƙe a gida." Kawu ya dafa ƙeyata, yatsunsa suka nutse cikin wuyana, amma fuskarsa na murmushi. Ya ce wa mutanen, "Ku yi mashi haƙuri, ɗan ɗiyar uwata ne. Ya shaƙu da ita, yanzu ba ƙaryar da ba zai yi ba don a fasa." Aka yi dariya. Dillali ya ce, "Kai samari, kawunka zai sayo maka jaki, shi ba ya son safa." Aka ƙara dariya. Alhajin ya dube ni da tausayi, ya ce Allah ya ba ni wata, ya hau, ya zabure ta. Ina kallon jajayen ƙafafun nan har suka ɓace bayan rumfunan kasuwa. Hanyar Buza kuwa kowa ya san ta, hawa ce da gangara a kan dutse.

A bayan kamyo muka dawo. Da muka sauka, Kawu ya ce mini, "Namiji ba ya kuka kan dabba." A gida Baba ya saurare ni har na gama, sannan ya ce goɗiya ta mai ita ce. Na ce to ɗan cikinta fa, ba gabanka aka faɗa ba? Inna ta ajiye mini tuwo ta ce, "Kawunka ne, Illa." Daga baya na gane tsakaninta da ƙanenta ba ta da yadda za ta yi, amma a ranar gani na yi su ma sun sallama ni. Da a ce yunwa ce ta sa, da na fahimta. Shekarar an samu hatsi, rumbunanmu cike suke. Kafin sati ya zagayo Kawu ya shigo ƙauye bisa sabuwar mobilet, ƙaramin babur ɗin nan, yara na bin sa a guje.

Na nemi wani mai fataucin albasa da ke zuwa Buza da jakuna, na roƙe shi ya kai wa Alhajin baƙaƙen. Ya karɓa. Da ya dawo ya kira ni gefe ya ce ya samu gidan, amma ya makara. Tun a hanyar komawa safar ta yage, ƙafar ta tsage, ba a lura da wuri ba, ciwon ya ci ruwa. Goɗiyar ta kwanta, ta zubar da cikin, ta tashi gurguwa. Ya ce Alhajin ya ce a gaya wa yaron nan ashe shi ne mai gaskiya. Wannan magana ba ta yi mini amfanin komai ba.

Bayan shekaru masu yawa, Kawu ya tsufa ya daina yawo, ni ma na yi iyali. Wata rana na kai masa gaisuwa, muna zaune a zaurensa, na ce, "Kawu, ka tuna Gunya?" Ya yi ta tunani, da gaske yake tunanin, sannan ya ce, "Wace Gunya?" Na ce babu komai, na gyara masa buzunsa.

Yanzu a ƙauyenmu sai ka zagaya unguwa ba ka ji haniniyar doki ba. Babura ne ko'ina, Nomau ya rasu, 'ya'yansa faci suke yi wa taya. Da na shiga karatun manya na fara iya haɗa baƙi, wannan labari ne na fara son in rubuta, don yaran yanzu ba su san yaro na iya tashi da asuba shekara da shekaru saboda magana ɗaya da babba ya faɗa masa ba. Ina kewar lokacin, har da wahalar gugan. Ni dai ban taɓa ce wa yaro abu nasa ne ba sai na sa masa shi a hannu.