Octave Bai Sayar Da Kwalba Ko Ɗaya Ba

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Ghislaine ta kira ni ta ce mijinta Octave Lhoest ya cika a asibiti a birnin Liège na ƙasar Beljiyam. Ranar Asabar muka binne shi a Huy, garin da ya shekara arba'in yana gyaran agogo. Octave, aminina, na san da sanyin murya ake rubuta ta'aziyya. Ka yi haƙuri, tawa da zafi za ta zo, domin har yanzu raina a ɓace yake.

Shekara tara kana jira kafin sunanka ya shiga jerin waɗanda Madam Honorine ke sayar wa giyar inabinta. 'Yar gonarta da ke yankin Jura a Faransa ba ta da yawa, abin da take samu ba ya kaiwa kanti. Duk watan Janairu wasiƙarta za ta iso: kwalba shida, ba ƙari. Shekarar da sanyi ya ƙone mata gona, kwalba uku ta ba ka, ka zauna ka rubuta mata jaje har shafi biyu. Dokarta ɗaya ce: kowace kwalba da lambarta, duk wanda aka ga lambarsa a gwanjo ta soke sunansa, ba ta ƙara waiwayarsa.

Shekara ashirin da shida dokar nan ba ta taɓa damunka ba, don kai ba ka ajiyewa domin riba. Ka jera kwalaben a kwance a ɗakinka na ƙarƙashin ƙasa, in zafi ya matsa ka yayyafa wa tsakuwar ɗakin ruwa don kada toshiyarsu ta bushe. In na ce, "Tsoho, sai mun mutu za a buɗe su?" sai ka harare ni ka ce, "Armand, kai da harshenka bai bambance wannan da ruwan wanke-wanke ba?" Sannan ka sauka ka ɗauko. Ranar da na binne matata, kwalbar da ka fi ji da ita ka kawo gidana, ka zauna har na cinye abincina.

A watan Nuwamba ka kwanta asibiti, ka ba Thibault, mijin 'yarka Maud, mabuɗin ɗakin don ya riƙa duba maka sanyinsa. Ya duba kam. Kwalba goma sha takwas ya kwashe ya kai gwanjo, sakaran ko lambobin bai iya rufewa a hoton gwanjon ba.

Da wasiƙar Janairu ta zo, Ghislaine ba ta buɗe ba. Da murnarta ta kawo maka ita har gado, a zatonta za ta faranta maka rai. Ina wurin. Layi uku ne kacal, an soke ka. Ka karanta, ka ninke, ka aiki Ghislaine ta samo maka shayi. Ni na ce yanzun nan zan kira Madam in faɗa mata wanda ya yi.

Ka ce, "Maud na da 'ya'ya biyu da shi. In ka buɗe baki, ba ni ba kai. Miƙo mini biro."

Da hannunka ka rubuta: "Madam, kin yi daidai. Ki gafarce ni." Ni ka sa na kai gidan waya, kuma na kai, abin da ba zan yafe wa kaina ba ke nan.

Ina jin haushin Madam Honorine. Mutum ya yi shekara ashirin da shida yana rubuto miki, amma bai ci darajar kira ɗaya a waya ba, ki ji ko lafiya? Ina jin haushin abokanmu na ƙungiyar ɗanɗanon giya, da suka tsaya a bakin kabari suna raɗa, "Ashe har da Octave." Thibault kuwa na gan shi a ƙofar coci da baƙar kwat, yana karɓar gaisuwa, har da share ido. Kai ma ina jin haushinka, Octave. Ka ɗauki laifin da ba naka ba ka shiga ƙasa da shi, ka bar ni da shiru.

To, na yi maka alkawarin rufe baki, yau na karya shi. Octave Lhoest bai sayar da kwalba ko ɗaya ba. Na riga na aika wa Madam wannan takarda. Ba kwalba nake roƙo ba, ta riƙe abinta. Ta mayar da sunanka inda ta goge shi, ko da na yini ɗaya ne.

Allah ya ji ƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya sa ka huta. Ghislaine, Allah ya ba ki haƙuri da dangana, ya raya jikokinku. Maud, 'yata, ina yi miki ta'aziyya, ina kuma neman gafararki, don na san abin da takardar nan za ta jawo a gidanki. Mahaifinki ya ba da sunansa don ya tsare miki aure. Ni na kasa barin sa ya tafi a haka.