Fitilar Bayan Ɗakin Kaji

Bangon da ya raba kicin da falo ba ya riƙe sirri, don haka Daktar Kaji ta rage wuta, ta jingina da shi, tana jin yadda Yayanta da mijinta ke ɗaga murya a kanta.

"Ka yi mata magana! Ba matarka ba ce?"

"Yaya, ni tela ne. In ɗinki ya karkace farkewa nake yi."

"Wannan ba wando ba ne, malam. Suna ne! Saura ƙiris ta zama farfesa, ta ce za ta janye takardar da ta ɗaga ta? Da sunana a jiki?"

Murmushi ta yi. Tun tana yarinya kaji ne ƙawayenta, ita ke kwana da damuwa in ɗaya ta ƙi cin abinci. Da ta girma ta bi su har jami'a, aka laƙaba mata sunan da ya danne na yanka. Takardar da ake faɗa a kanta ta fito ne a wata mujallar bincike shekarun baya, tana cewa garin wani ganye yana sa kaji yawan ƙwai. Ita ta yi kiwon, Yaya malamin lissafi ya haɗa alƙaluman. Daga nan sai gayyata, sai tafi, sai a ce ta tashi a gan ta.

Abin da ba ta gaya wa kowa ba, ko mijin, shi ne ta sake gwajin ya fi a ƙirga, kajin suka yi kunnen uwar shegu da garin. Ta zargi hannunta, ta zargi ma'auni, har ta fara jin kanta kamar mai yawo da rigar aro. Sai kwanan nan mai gyaran wuta ya canza ƙwan fitilar tsaro da ya daɗe da mutuwa a bayan ɗakin kajin. Kajin da ke jikin taga suka hau zuba ƙwai, alhali ko ƙwayar garin ba su lasa ba. Haske ke ruɗarsu su ɗauka yini bai ƙare ba. Kuma a gwajin farko, lokacin fitilar na da rai, masu cin garin ne a jikin tagar.

Ranar da ta gane, zama ta yi a kan buhun dusa ta yi dariya har da hawaye. Tun da ta ce za ta janye takardar, a wurin aiki ana ta yaba mata riƙon amana, ita kuwa ta san ba tsabar gaskiya ba ce kaɗai ke tura ta. Ta gaji ne da tsoron ranar da wani zai riga ta ganowa, kuma daɗin sanin amsar ya fi mata kujerar.

Ta shigo falo da tiren shayi, sanarwar janye takardar na gefensa. Mujallar ta ce sai duk marubutan sun sa hannu kafin sanarwar ta nuna su da kansu suka nemi janyewa, in ba haka ba edita zai yi nasa binciken, ya janye da bakinsa.

"Auta," in ji Yaya, ya sassauta murya, "a yi ɗan gyara mana. Layi biyu a shafin baya, wa zai gani?"

"Gyara na lambar da ta zame ne, Yaya. Mu ɗakin ne gaba ɗaya ya rufta."

"Za a yi mana dariya."

"Ai na riga su. Ka sha shayinka."

Ya juya kofin a hannunsa, ya ƙi kallonta. Can ya ce, kamar ana ciro maganar da ƙugiya, "In aka tambaye ni yaya ban ga tagar ba fa?"

A nan ta gano inda ke masa ciwo. Yaya bai taɓa taka ɗakin kajin ba, wari yake gudu. Daga kan teburinsa ya ga komai, cikin farar riga.

"Ni da nake wuni a ciki na gan ta ne?" ta ce. "Ka sa hannu mu fita da mutuncinmu. Sannan mu sake gwajin da kyau, a kan hasken wannan karon. Amma sai ka zo ka ga kejin da idonka."

Tela ya zaro biro daga bayan kunne ya miƙa, yana danne dariya. Yaya ya harare shi, ya karɓa, ya karanta sanarwar a hankali har ƙasa, ya ja dogon tsaki, ya sa hannu.

"Farfesancin fa?"

"Ya jira. Ni ma na jira shi."

Ta raka shi bakin ƙofa tana jin jikinta sakayau kamar ta sauke tulu. Har ya kai tsakar gida ta ɗaga murya.

"Gobe da sassafe, Yaya! Kuma ka sa tsohon takalmi, kajina ba su san babban mutum ba."