Goron Baba Audu

Cikin shekarun da na yi ina aikin jinya, akwai wata Laraba da har gobe ban manta da ita ba. Farkon shekarun casa'in ne, ina nasin-sista a wani asibitin mishan a Kafanchan, wato ni ce babba a kan nas-nas na sashen masu ganin likita su koma gida. Saratu sunana, amma kowa Sista yake cewa.

Likitan zuciyarmu Dokta Ishaya ne, ɗan Samaru Kataf, bai daɗe da dawowa daga karatu a Turai ba. Sau ɗaya a wata yake zuwa daga Jos, da na'urar hoton zuciya a kujerar baya, an naɗe ta da bargo kamar jaririya.

Ga yadda gwajin yake. Ana yi wa mutum allura mai buɗe jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini da iska, likita yana kallon motsinta a allo. In akwai jijiyar da ta tsuke, gefen da take ciyarwa sai ya yi sanyi, a gan shi. Amma akwai sinadarin kafeyin, wanda ke hana barci a cikin kofi da shayi. Shi yana tare wa allurar hanya, sai zuciya mai ciwo ta fito kamar lafiyayya. Saboda haka Dokta ya ba ni takardar gargaɗi da Turanci, na fassara wa marasa lafiya: kwana guda kafin gwaji, ban da kofi, ban da shayi, kuma a zo ba a karya ba.

Mutum uku ne ran nan. Mama Hannatu, tsohuwar hedimasta, da Alhaji Tanko mai shagon yadi, da Baba Audu, direban jirgin ƙasa. Shi Baba Audu ƙirjinsa ke matse shi in ya yi sauri, an dakatar da shi daga tuƙi sai likita ya sa hannu. Tun bakwai na safe suna kan benci. Dokta kuwa tayarsa ta yi faci wajen Kagoro, bai iso ba sai sha ɗaya ta wuce.

Aka yi wa Mama Hannatu, hoto ya fito tas. Alhaji ma tas. Baba Audu kuwa, zuciya kamar ta ɗan ƙwallo. Ina murna, Dokta yana ɓata rai. Ya ce allurar takan sa fuska zafi ko kai ya sara, amma ga mutum uku, ba wanda ya ko yamutsa fuska.

Ya ce, "Wannan magani ya lalace. A kira min mai sito."

Malam Bitrus ya zo da gudu, kwalin maganin a hannunsa. "Dokta, ni dattijon ikilisiya ne, ba na ajiye mataccen magani. Ga ranar ƙarewarsa a jiki. Sista, faɗa masa!"

Na buɗe baki zan ba da shaida, sai na ga Dokta ba ni yake saurare ba, haƙorana yake kallo.

"Sista, me kika ci?"

"Ɗan goro ne, Dokta."

"Wa ya ba ki?"

Na waiwaya benci. Su uku suna yi mana murmushi, baki ja wur. Ashe da jira ya yi tsawo, yunwa ta taso, Baba Audu ya kwance ƙunshinsa ya raba wa kowa. Ni ma da na gifta an miƙo min ɓari, har na yi godiya.

Dokta ya dafe kai ya ce goro cike yake da kafeyin. Baba Audu ya ce, "To ni ina laifina? Sista ta ce kada a sha. Goro ci ake yi."

Dokta ya ce, "Ai an ce kada ku ci komai."

Alhaji ya ce, "Haba likita, goro abinci ne? Gaisuwa ce."

Na ɗauka ni zan sha faɗa. Sai Dokta ya karɓi takardar ya karanta, ya fashe da dariya. Ya ce daga asibitin da ya yi karatu ya kwafo ta, can kuwa ba wanda ya san goro. "Ni da aka kai goro ƙwarya guda wajen neman aurena, na manta da shi."

Baba Audu bai yi dariya ba. Ya ce tunda hoto ya yi kyau, a sa masa hannu ya koma bakin aiki, zaman gida ya ishe shi. Dokta ya tambaye shi mutum nawa ke bayansa in ya ja jirgi. Ya ce, "Ba sa ƙirguwa."

Da wata ya zagayo, na tsaya a ƙofa kamar ɗan sanda, na laluba aljihun kowa ina neman goro. Na Baba Audu a cikin hula na same shi. Ya rantse bai taɓa ba tun shekaranjiya, don ƙarfin zuciya kawai ya riƙe. Aka yi gwaji. Mama Hannatu da Alhaji lafiya lau. Shi kuwa minti kaɗan da allura ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, gefen zuciyarsa ya yi sanyi a allo, ni ma na gani. Aka sa shi kan magani, aka mai da shi koyar da sababbin direbobi a tasha. Ya yi wata shida ba ya amsa gaisuwata, amma ya ga auren jikokinsa.

Abin da na koya shi ne, mutanenmu ba sa yi mana ƙarya, abin da muka tambaya suke amsawa. Daga ranar na daina karanta wa mara lafiya jerin abin da aka hana. Sai in zauna kusa da shi in ce, "Baba, tun jiya me da me ya shiga bakinka?" Ku ma masu aikin jinya ku riƙa tambaya haka, kuma ku jira ya gama lissafi.